Yadda Ake Kafa Garmaho da Raba Shi da Jijjiga

Allurar garmaho aikinta ɗaya ne, jin motsi. Tsagar da take bi a jikin faifai faɗinta kamar silin gashi ne ko ƙasa da haka, lanƙwashe-lanƙwashen da ke cikin tsagar kuwa, waɗanda su ne ainihin kiɗan, sun fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce allura ba ta san bambancin motsin da ya fito daga tsaga da wanda ya fito daga takun ƙafa, ko dukan lasifika, ko janaretan maƙwabci ba. Duk abin da ya motsa ta, kiɗa ne a wurinta.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne wutar da kan allura, wato ɗan akwatin da allurar ke maƙale a jikinsa, ke fitarwa kaɗan ce ƙwarai, milibolt 3 zuwa 5 a irin kan da ake kira MM (mai maganaɗisu mai motsi), irin MC (mai naɗin waya mai motsi) kuma galibi bai fi rabin milibolt ba. Sashen fono na amfilifaya, wato ɓangaren da ake jona garmaho a ciki, yana ninka ta kamar sau 100 ga MM, sau 1,000 ga MC. Bayan haka, tun da aka daidaita ma'aunin RIAA, wato ƙa'idar da ake bi wajen yanka faifai, a 1954, ana rage sauti mai kauri lokacin yanka faifai, sashen fono ya mayar da shi lokacin saurare. A can ƙasa, wajen 20 Hz, wato kaɗawa 20 a daƙiƙa, ƙarin da yake yi ya kai ninki goma a kan na sautin tsakiya. Jijjigar ɗaki kuma a daidai nan take zaune. Ke nan abin da ba ka so shi ne na'urar ta fi ɗaga wa murya.

Fara gano ta inda take shigowa

Kafin ka kashe ko sisi a kan ƙafafun roba, ka yi wannan gwajin. Ɗora faifan da ba ka damu da shi ba, kada ka kunna injin, ka sauke allura a kan faifan yana tsaye. Buɗe murya zuwa inda ka saba saurare, ka cire wa lasifika mayafinta don ka riƙa ganin ufa, wato babban faranti mai fitar da sauti mai kauri.

Yi tafiya a gaban tebur kamar yadda aka saba wucewa. In ufa tana shiga tana fita, ko ka ji dum-dum, jijjigar ta ƙasa take biyowa. Ƙwanƙwasa ƙafar teburin da ɗan yatsa, sannan samansa, sannan jikin garmahon. Tebur mai kyau zai ba ka gajeren "tuk" ya mutu nan take. Mai matsala zai yi dogon amo kamar an taɓa ganga. Daga nan ka riƙa ƙara murya a hankali, hannunka na kan maɓalli. In wani ƙugi ya fara tasowa yana ƙaruwa da kansa, ka rage nan da nan. Wannan shi ne irin kukan da makirfo ke yi idan an kusanta shi da lasifika a wurin taro: sauti ya fita, ya girgiza allura, ya koma amfilifaya, ya sake fita da ƙarfi. Ka lura da inda maɓallin yake lokacin da kukan ya fara, ka sa alama. Da wannan alamar za ka auna duk gyaran da za ka yi nan gaba, domin gyaran da ya yi amfani zai matsar da ita gaba.

Na ƙarshe, ɗaga allura daga faifai. In ƙugin yana nan yadda yake, ba jijjiga ba ce, matsalar wuta ce, maganinta daban. In kuma ƙarar ba ta fitowa sai injin na juyawa allura na ƙasa, daga cikin na'urar take: injin, ko bel, ko gindin da farantin da ake ɗora faifai ke juyawa a kai. Babu wata ƙafar roba da za ta warkar da wannan.

Wurin ajiyewa

Rabin matsalolin jijjiga a zaɓen wuri ake gama su, kuma kyauta.

Kada garmaho da lasifika su haɗa tebur ko kanta ɗaya. Ko ƙananan lasifikoki ne, jikinsu na kaɗawa, katako kuma na kai saƙo. A ba su tazarar mita ɗaya ko fiye, kuma kada bakin lasifika ya fuskanci garmahon. Kusurwar ɗaki ita ce mafi munin wuri, don nan sauti mai kauri ke taruwa. Ɗakin da tsawonsa mita 4 ne yana da wani sauti wajen 43 Hz da yake kumbura shi, kuma ya fi ƙarfi a jikin bangon farko da na ƙarshe. Hanya mai sauƙi ta gano wuri ita ce ka kunna kiɗa mai duka daga waya ko rediyo ta cikin lasifikokin, ka zagaya jikin bango kunnenka a daidai tsayin tebur. Inda dukan ya fi rauni, nan ne gidan garmaho.

Sai daɓen ɗakin. Wanda yake zaune a ƙasa a kan siminti ko tayil ya yi sa'a, takun ƙafa ba zai dame shi ba. Amma siminti yana ɗauko abin da ke nesa: janareta, injin markaɗe, famfon rijiyar burtsatse, tirela a kan titi. Dekin bene yana ɗan lanƙwasawa, ya fi yi a tsakiyar ɗaki, don haka a matsa kusa da bango ko ginshiƙi. Daɓen katako kuwa, irin na tsofaffin gidajen Ingila da Amurka ko dandamalin wasa, shi ne babban abokin gaba, domin yana lilo a hankali da ƙarfi, har ya tsallakar da allura.

Ga daɓen da ke motsi, magani mafi inganci shi ne kanta a jikin bango. Mai walda zai haɗa maka firam da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu na milimita 25, faɗi santimita 50, zurfi 42 zuwa 45, da tokara biyu a ƙasa. A saman firam ɗin a huda wuri huɗu a sa noti masu kallon sama, a ɗora katakon filawud ko MDF mai kaurin milimita 18 a kan kawunansu. Amfanin notin shi ne da su za ka daidaita lebur, kuma katakon bai manne da ƙarfen ba. A kafe firam da kusoshi huɗu na milimita 8, a tsayin kamar mita ɗaya daga ƙasa. Bulo mai rami ba ya riƙe kusa yadda ya kamata. A nemi inda cikinsa yake a toshe, ko a cika ramin da kwaɓin siminti a bari ya yi kwana biyu zuwa uku kafin a rataya komai. A guji bangon da ƙofa ke jikinsa, ko wanda na'urar sanyaya ɗaki ke maƙale a bayansa. Bangon ƙasa ba ya ɗaukar irin wannan nauyin, gara tebur gajere mai ƙarfi a kan daɓe.

In tebur ne, a sami wanda ba ya rangaji ko kaɗan. Dogon kabad mai kofa da fanko a ciki akwatin amo ne. Tebur mai saman gilashi shi ma yana da ƙarar kansa.

Lebur da shirin farko

Garmahon da ya yi doguwar tafiya sau da yawa yana zuwa da sukurorin da aka ɗaure injin ko faranti da su. A duba ƙarƙashin faranti, a cire ko a sassauta su kamar yadda littafin na'urar ya ce. Wanda ya manta da su ya ɗaure injin da jiki kai tsaye, sai ya yi ta neman ƙugi a inda ba nan yake ba.

A sa lebur irin na magina, ƙarami, a kan tebur tukuna, sannan a kan farantin kansa bayan an cire shimfiɗarsa. A auna hagu da dama, a auna gaba da baya, a juya farantin rabi a sake aunawa. Farantin ne abin dubawa, ba murfi ko jikin akwati ba. Idan ya karkata, hannun garmaho, wato sandan da ke riƙe da allura, zai riƙa jan ta gefe ɗaya, sandan faranti ya riƙa gogar gefen ramin da yake ciki, duk saitin da za ka yi daga baya kuma ya tashi a banza.

Bel a goge shi, a goge bakin injin da gefen da yake zagayawa da ɗan sifirit a auduga, a bari ya bushe. Bel da ya saki ko ya yi ƙyalli a canza shi. Sautin fiyano ko sarewa da ke rawa kamar mai kuka alamarsa ce. Gindin faranti yana son mai, amma kaɗan kuma siriri. Littafin Technics SL-1200 ya ce ɗigo 2 zuwa 3 bayan kowace awa 2,000. Cire bel ka juya faranti da hannu, ka kasa kunne. Ya kamata ya daɗe yana juyawa shiru.

Auna gudu ba ya bukatar kayan aiki. Manna 'yar takarda a bakin faranti, ka ƙirga zagaye da agogon waya: a gudun 33⅓, zagaye 100 daidai yake da minti 3. A gudun 45, zagaye 45 a minti ɗaya.

Hannu da kan allura

Wayoyi huɗun da ke bayan kan allura launinsu galibi ɗaya ne: fari da shuɗi na hagu, ja da kore na dama. A riƙe su da ɗan hantsaki ta wajen ƙarfen bakinsu, kada a ja wayar.

Nauyin da allura ke dannawa da shi a sa shi kamar haka. Mayar da maɓallin antisiket, wato mai hana hannu zamewa zuwa tsakiyar faifai, sifili. Cire marufin allura, ka saki hannu kana tallafe da shi, ka riƙa juya ƙarfen nauyi na baya har hannun ya tsaya a iska a kwance, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba. Mayar da shi mazauninsa ka kulle. Riƙe ƙarfen nauyin kada ya motsa, ka juya zoben lambobi kaɗai zuwa sifili. Yanzu juya su tare zuwa nauyin da kamfani ya faɗa: giram 2.0 ga Audio-Technica AT-VM95E, giram 1.8 ga Ortofon 2M Red. Lambobin zoben ba abin dogaro ba ne sosai, don haka a tabbatar da ƙaramin sikelin allura mai auna kashi ɗaya cikin ɗari na giram, a daidai tsayin da faifai ke zama.

Mutane da yawa suna rage nauyi wai don tausayin faifai. Kuskure ne. Allurar da ba ta zauna ba tsalle take yi a cikin tsaga tana dukan bangonta, wannan ya fi ɗan ƙarin nauyi ɓarna, kuma ita ce ta fi saurin tsallakewa in ƙasa ta motsa. Tsakiyar abin da kamfani ya ba da ko ɗan sama kaɗan ya fi. Ɗora kwabo a kan allura don ta daina tsalle kuwa kashe faifai ne kawai.

Saitin kusurwa ana yin sa da takardar awo mai maki biyu. A tsarin Baerwald makin suna milimita 66.0 da 120.9 daga tsakiyar faranti. A tsarin Stevenson 60.3 da 117.4, wanda ya fi kula da waƙoƙin ƙarshen faifai. In ka buga takardar da kanka, ka auna da rula ka tabbatar na'urar bugawa ba ta rage girmanta ba. Sassauta sukurori biyun kan allura, ka sauke bakin allura a maki na farko, ka daidaita siririn tsinken da allurar ke bakinsa da layukan takardar. Tsinken ake bi, ba jikin kan ba, don wani lokacin ba su miƙe tare ba. Je maki na biyu. In bai dace ba, matsar da kan gaba ko baya rabin milimita, ka sake. Aikin haƙuri ne, yakan ci rabin awa. Masu SL-1200 an sauƙaƙa musu: milimita 52 daga bakin allura zuwa inda mariƙin kan ya haɗu da hannu. Alamar saitin da bai yi ba ita ce harafin "s" da "sh" su riƙa yagewa in an kusa ƙarshen faifai.

Antisiket a fara da lamba ɗaya da nauyin allura. In a wurin da kiɗa ya yi ƙarfi lasifikar dama ce ke karcewa, a ƙara. In ta hagu ce, a rage. Tsayin hannu kuma a sa shi a kwance daidai da faifai lokacin da allura ke ciki. Canza shimfiɗar faranti da mai kauri ko marar kauri yana taɓa wannan.

Ga wurin da saitin hannu da maganar jijjiga suke haɗuwa. Tsinken allura a cikin 'yar roba yake zaune, hannu kuma yana da nauyi, su biyun sun zama nauyi a kan sifirin. Duk nauyin da ke kan sifirin yana da kiɗan da yake yi wa rawa, wato wani sauri da in an girgiza shi a kai zai yi lilo fiye da kima. Ana so na hannun garmaho ya faɗi tsakanin 8 da 12 Hz. Ƙasa da haka akwai lanƙwasar faifai da takun ƙafa, sama da haka, daga 20 Hz, kiɗa ya fara. Lissafinsa: a haɗa nauyin aikin hannu, wanda kamfani ke faɗa, da na kan allura da sukurori a giram, a ninka da lambar laushin kan, ita ma kamfani ke ba da ita, a ɗauki tushen murabba'in abin da ya fito, a raba 159 da shi. Misali hannun SL-1200 giram 12, 2M Red giram 7.2, sukurori rabin giram, jimla 19.7, laushinsa 20, ninki 394, tushensa kusan 19.8, amsa 8 Hz. Ya shiga, amma a bakin iyaka, don haka sa masa mariƙi mai nauyi zai jefa shi cikin yankin takun ƙafa. A kula, kamfanonin Japan sukan auna laushi a 100 Hz, sai an ninka lambarsu da kamar 1.5 zuwa 2 kafin a sa ta a wannan lissafin. Kai mai laushi a hannu mai nauyi shi ne ke sa ka ga ufa tana numfashi ko kiɗa bai fara ba.

Abin da ke raba jijjiga da abin da ba ya rabawa

Duk abin da za a sa a ƙarƙashin garmaho, roba ne ko sifirin ko iska, dokarsa ɗaya. Shi ma yana da saurin rawarsa, kuma ba ya fara tare jijjiga sai wadda ta fi wannan saurin da ninki 1.4. Wadda ta zo daidai saurin nasa ƙara mata ƙarfi yake yi. Ana iya ƙiyasta saurin daga yadda abin ya lotsa in an ɗora masa kaya: a raba 16 da tushen murabba'in lotsawar a milimita. Lotsawar milimita 1 tana ba da 16 Hz, ta milimita 10 tana ba da 5 Hz, ta milimita 25 kamar 3 Hz.

Dubi abin da wannan ke nufi. Sifirin da ya lotsa milimita 10, a lissafi, yana barin kashi 7 cikin 100 na jijjigar 20 Hz ta wuce, ta 50 Hz kuma kashi 1. Wanda ya lotsa milimita 1 kawai yana barin kamar kashi 11 na ta 50 Hz, amma ta 20 Hz kusan ninka ta yake yi. Mafi haɗari shi ne sifirin da ya lotsa milimita 2 zuwa 4, domin rawarsa ta faɗa tsakanin 8 da 11 Hz, daidai kan ta hannu. An gudu ba a tsira ba. Shi ya sa za ka ga an sayi ƙafafu masu tsada, matsalar ta ƙaru: an yi su ne don na'ura mai nauyin kilo 20, aka sa su ƙarƙashin mai kilo 5, ba su lotsa yadda ya kamata ba.

Ƙusoshin ƙarfe masu tsini da ake sa wa tebur ba sa raba komai. Haɗa tebur da ƙasa suke yi gam. A kan simintin da ba ya motsi suna da amfani don suna hana rangaji, a kan daɓe mai motsi kuwa hanya suke buɗewa.

Sai a dubi irin garmahon, domin ba duka ake yi wa magani ɗaya ba.

Akwai masu sifirin a ciki, inda faranti da hannu suke rataye a kan sifirin uku, irin AR XA na 1961, da Thorens TD 160, da Linn Sondek LP12. Waɗannan sun riga sun zo da nasu maganin, suna rawa wajen 3 zuwa 5 Hz. Kada a ɗora su a kan wani abu mai laushi, sifirin a kan sifirin rigima ce. Tebur marar nauyi mai tauri ko kantar bango suke so. Danna tsakiyar faranti a hankali ka saki: ya kamata ya yi sama da ƙasa a miƙe. In yana kaɗawa gefe, sifirin ɗaya ya karkace ko wayar hannu ta ɗame a ƙasa. Rauninsu shi ne daɓe mai lilo, wanda saurinsa ya yi kusa da nasu.

Akwai marasa nauyi masu tauri irin Rega Planar, waɗanda ba su da kariya ta kansu sosai. Su ne kantar bango ta fi yi wa rana. Sai masu nauyi irin SL-1200, da tsofaffin masu tayar roba a ciki irin Garrard 301 da Lenco L75, waɗanda injinsu ke da ƙarfi har sai an dasa su a akwatin katako mai nauyi don ya shanye ƙuginsu. Masu nauyi su ne suka fi dacewa da dandamalin da ke tafe.

Dandamali uku da za a iya haɗawa a gida

Na farko dutse a kan iska. A sami ragowar dutsen giranit wurin masu aikin kicin, santimita 45 da 40, kauri 3. Nauyinsa zai kai kilo 14 da rabi. Dutse shi kaɗai yana amo in an ƙwanƙwasa shi, don haka a manna masa shimfiɗar roba ko katakon MDF a ƙasa. A sa tiyub ɗin keken yara na inci 12 ko 14 a ƙarƙashinsa, a hura masa iska kaɗan, iya wadda za ta ɗaga dutsen da garmahon kamar santimita ɗaya. Tiyub da aka cika ya yi tauri ba ya aikin komai. A tura shi wajen da ya fi nauyi, galibi ɓangaren injin da hannu, har lebur ya daidaita, kuma kada bakin hura iskar ya taɓa dutse. In ka danna ka saki, ya yi lilo a hankali sau biyu ko uku ya tsaya. Wannan ya fi komai arha wajen tare jijjigar janareta da dukan lasifika. Aibinsa iska na zurarewa, sai an duba lebur duk mako.

Na biyu akwatin yashi. Kafinta ya haɗa akwati da cikinsa ya kai santimita 50 da 42, zurfi 8. A zuba busasshen yashi da aka tankaɗe har santimita 7, zai ci kamar kilo 23. Yashin a shanya shi sosai a rana, a sa shi cikin leda don kada ƙura ta fito. A baje shi, a ɗora katako a kai wanda ya gaza cikin akwatin da milimita 4 ta kowane gefe. Wannan tazarar ita ce sirrin. Da zarar katakon ya taɓa bangon akwati, jijjiga ta sami gada. Yashi ba sifirin ba ne, shanye amo yake yi, don haka yana gyara tebur mai ƙara amma ba ya hana tsallen takun ƙafa. A tabbatar teburin zai ɗauki nauyin.

Na uku ƙafafun roba mai shanye motsi irin Sorbothane, wadda ake sayarwa da lambar tauri 30, 50 ko 70. A auna nauyin na'urar, a raba da yawan ƙafafu, a sayi wadda aka yi don wannan nauyin. Ya kamata ta lotsa kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na tsayinta. Roba takan yi tauri in ana girgiza ta, don haka saurin rawarta ya fi abin da lissafin sama zai nuna, amma ba ta yin lilo mai ƙarfi. Aikinta daga tsakiyar sauti mai kauri ne zuwa sama. Tana barin tabo a jikin fenti, a sa mata 'yar leda ko takarda. Ƙafa uku sun fi huɗu zama daram, biyu a ɓangare mai nauyi. Rabin ƙwallon tanis da ake yawan ba da shawara ya yi wa garmaho marar nauyi tauri. Sai an haɗa da dutse a kai yake ɗan lotsawa.

Kowanne aka zaɓa, wayoyi su sauko a sake. Wayar wuta da ta ɗame tsakanin garmaho da bango ta rushe duk aikin. Murfin roba kuma in yana buɗe a tsaye, yana kama sautin ɗaki yana kai wa jiki. A cire shi gaba ɗaya lokacin saurare, ko a rufe, a gwada wanda ya fi matsar da alamar nan gaba.

Wuta, zafi da ƙura

Wutar Najeriya da Nijar bolt 220 zuwa 230 ce a 50 Hz. Garmahon gwanjo da aka yi don Amurka bolt 120 yake ci a 60 Hz, na Japan bolt 100. Taransifoma mai rage wuta zai hana shi ƙonewa, amma ba ya canza 50 zuwa 60. In injinsa irin mai bin bugun wuta ne kuma an yi shi don 60 Hz, zai juya a 27.8 maimakon 33⅓, sai an canza masa bakin injin da na 50 Hz. Masu sarrafa gudu da kwatz, wato ɗan agogon lantarki da ke cikinsu, irin SL-1200 MK2 na 1979, ba ruwansu da wannan. Haka kuma injin mai bin bugun wuta yana bin janareta duk inda ya je: firiji ya tashi, janareta ya nauyaya, waƙa ta ja. Inbata mai arha marar tsaftatacciyar wuta tana sa irin wannan injin ƙugi da zafi.

Ƙugin da ba ya tafiya ko an ɗaga allura, a fara da siririyar wayar ƙasa da ke tare da wayoyin sauti, a ɗaure ta a sukurun da ke bayan amfilifaya. A raba wayoyin sauti da na wuta, kada tsawon na sautin ya wuce mita ɗaya da rabi, a nisantar da sitabilaiza da taransifoma daga kan allura, don maganaɗisunsu yana shiga kai tsaye. In ƙugin na ƙaruwa yayin da hannu ke matsowa tsakiyar faranti, daga injin garmahon ne.

Zafi yana lanƙwasa faifai, faifai mai lanƙwasa kuma yana kaɗa hannu a kowane zagaye. A jera su a tsaye, nesa da taga, kada a bar su cikin mota da rana. Lokacin hunturu iska ta bushe, faifai yana kama ƙura yana ɗaukar shimfiɗar ulu in an ɗaga shi. Shimfiɗar roba ko ta ɓawon kok ta fi, tare da burushin kabon kafin kowane saurare. Allura a share ta daga baya zuwa gaba kawai. Audio-Technica na ba allura mai bakin ƙwai awa 300, mai zagayayyen baki awa 500, ƙura kuma tana rage wannan. Tsofaffin faya-fayan gudun 78 da ake samu a kayan iyaye tsagarsu ta fi faɗi, suna bukatar tasu allurar, kuma sifirit narkar da su yake yi.

In an gama duk wannan ufa tana nan tana numfashi a kan wasu faya-fayai, a duba bayan akwatin fono ko gaban amfilifaya. Da yawa suna da maɓallin da ke yanke duk abin da ke ƙasa da 20 Hz. A danna shi don faifan da ya lanƙwashe, sannan a koma gwajin farko, injin a kashe allura a ƙasa, a ga inda alamar ta koma.